Yadda Za Ka Kwashe Kayan Dangi Daga Gadon Jaririnka Ba Tare Da Ka Rasa Dangin Ba

Kai sabon uba, matso kusa. Na ga idonka ya yi ja, na ga ka sa riga a baibai ba ka sani ba, ba sai ka faɗa mini matarka ta haihu ba. Barka da arziki. Na zo maka da ilimin da babu wanda zai koya maka a asibiti. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari ɗanka zai yi barci a gado wayam kamar yadda nas ta ce, danginka kuma ba wanda zai yi fushi da kai. Tabbas ne, babu wataƙila. Ban taɓa ganin wanda ya bi tsarin nan ya kawo ƙara ba, domin har yanzu ni kaɗai na bi shi.

Kada ka tambaye ni takardar shaida. Ni mai gyaran firji ne, kuma wanda ya san yadda ake hana sanyi fita daga akwati ya san yadda ake hana shi shiga yaro. Ɗana ɗaya, muna ce masa Ciyaman, saboda tun da ya zo ba a yanke shawara a gidanmu sai da amincewarsa.

Ga matsalar a taƙaice. Ranar da za a sallame ku, nas za ta tare ka a bakin ƙofa ta ce: "Baban yaro, saurara da kyau. Katifa mai tauri, zanin gado ɗaya da ya kama ta gam, yaro a rigingine. Babu filo, babu bargo, babu 'yar tsana, har sai ya shekara. Jariri ba ya iya ture abin da ya rufe masa hanci." Maganar nan ta ƙarshe za ta biyo ka gida, ta zauna maka a ƙirji, ta ƙi tashi. Za ka ce "To, Sista" cikin sauƙi, don ba ka san abin da ke jiran ka a falo ba. Dangi ne, kowa da ƙunshinsa.

Mataki na ɗaya: Karɓi komai da hannu biyu

Kada ka kuskura ka ce wa kowa "nas ta hana". Nas tana can asibitinta, ba za ta zo ta raba ku ba. Durƙusa, karɓi, yi ta godiya har mai kyautar ya fara jin kunya.

Gwaggo za ta kawo filo ɗan mitsitsi mai rami a tsakiya, ta ce na gyaran ƙeya ne, kada yaro ya gado kan ubansa. Za ta faɗi haka tana kallon kanka. Karɓi. Kawu zai kawo dogon soso mai riga da ake zagaye gadon da shi daga ciki, wai kada yaro ya bugu da katako, yaron da ko wuyansa bai iya ɗagawa ba. Karɓi. Surukarka za ta aiko da tedi, wato ƙatuwar 'yar tsana mai gashi, wadda sai da aka ba ta kujerarta ita kaɗai a mota. Idon tedin ɗaya ya fi ɗaya girma, kuma duk inda ka tsaya a ɗaki kai take kallo. Karɓi, ka ce ka daɗe kana neman irinta.

Duk waɗannan masu sauƙi ne. Babban aiki yana wajen mahaifiyarka. Tawa, Inna, tela ce da ta ajiye ɗinki saboda ido, amma tana jin labarin cikin ta kakkaɓe kekenta. Ta haɗa bargo da ƙyallayen tsofaffin zannuwanta, ta cusa masa auduga, ta bi shi da allura layi-layi, tabarau a kan karan hanci, wata da watanni. Ya yi nauyin da in ka lulluɓa wa babba sai ya yi mafarkin an danne shi. Ta shimfiɗa shi a gadon da hannunta, ta shafa, ta ce: "Angona ba zai san sanyi ba ina raye."

To faɗa mini, wane ɗa ne zai buɗe baki a nan ya ce "nas"? Ni dai cewa na yi, "Allah ya saka da alheri, Inna."

Mataki na biyu: Kare mutuncin katifa

Katifar jariri in ka danna ta da tafin hannu, ta dawo nan take, kada ta riƙe shatin hannunka. Kuma ta cika gadon, kada a sami ramin da yatsu biyu za su shiga tsakaninta da katako. A nan ka yi hattara da kafinta. Nawa yatsunsa kowanne ya kai muciya, ya tura biyu ya ce, "Ka gani? Ba su shiga ba." Na kira Maman Ciyaman ta gwada, hannunta ya shige har wuyan hannu. Gwaji da yatsun matarka ake yi, kafinta kuma ya koma ya sake awo yana ƙunƙuni.

Yaye ledar da katifar ta zo da ita. Kawu zai ce a bar ta don katifa ta daɗe tana sabuwa. Kawu har yanzu bai cire ledar kujerun motarsa ba, kuma motar ta daina tashi tun kafin ka yi aure, saboda haka ba shi ne abin koyi ba.

Dangi za su zo su danna katifar nan ɗaya bayan ɗaya. Inna ta danna ta ce, "Wannan katifa ce ko benci?" Kada ka yi musu, kada ka kawo bayanin numfashi. Sassauta murya ka ce, "Irin ta manyan asibitoci ce, da ƙyar na samu." Mutum yana yafe wa abu kowane irin aibi in ya ji samunsa da wuya. Gwaggo ta sake dannawa, ta gyaɗa kai, ta ce ai dama ta ji taurin nan ba irin na kowa da kowa ba ne.

Mataki na uku: Raba musu aiki kamar masu gadi

Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin, ka haddace shi: yaro da kaya ba sa haɗuwa a gado ɗaya. Ciyaman ya fita, kaya su shiga. Kaya su fita, Ciyaman ya shiga.

Koyi gane baƙo tun yana waje. Gwaggo daga bakin titi take fara sallama. Kawu sai ya tsaya ya yi kaki a ƙofa. Surukarka turarenta ne yake riga ta isowa. Inna ce mai hatsari, tafiyarta ba ta da sauti, sai dai ka ji an taɓa ƙofa a hankali. Kana jin alama, matarka ta sunkuci yaro, kai kuma ka jera kayan mai zuwa a gadon, nasa a sama. Yana fita, kwashe komai, miƙe zanin gado, a mayar da mai wurin.

Za a tambaye ka me ya sa ba a taɓa samun yaron a kwance ba. Ka ce, "Yanzun nan ya tashi." Da Inna ta gaji da jin haka ta ce, "Wannan yaro kullum yanzun nan ya tashi?" Na ce, "Muryarki yake ji, Inna." Ta yi murmushi ta ce ɗan nema, ya san matarsa. Riƙe wannan hikimar: ƙaryar da ta yabi mai jin ta ba a cika bincikenta ba.

Wata rana barci zai ɗauke shi a hannunta, ta kwantar da shi da kanta, ta ja masa bargon har haɓa. Kada ka firgita, kada kuma ka matsa ko nan da can. Tsaya a kan gadon, idonka a kan hancinsa, ka ce sha'awa yake ba ka. Sai ka yi tari sau biyu. Wannan ita ce alamar da matarka za ta saki murfin tukunya a kicin. Yaro zai farka da ihu, ka ɗauke shi, an tsira. Murafan tukwanenmu babu wanda bai lotsa ba, Inna kuma ta yanke hukuncin cewa surukarta yarinyar kirki ce amma hannunta ba ya riƙe abu.

Mataki na huɗu: In kakanni biyu suka haɗu rana ɗaya

Zai faru, ko ba jima ko ba daɗe. Turare ta gaba, taɓa ƙofa ta baya: gaba kura, baya siyaki. Gadon ba zai ɗauki tedi da bargo kowa a matsayinsa ba, kuma wadda ta ga nata a ƙasa ba za ta manta ba har abada.

Ni abin da na yi, na kwantar da tedin na lulluɓa mata bargon. Na ɗauka na gama da kowa. Inna ta leƙa ta ce, "Bargon da na kashe idona a kansa, shi aka rufa wa dodo?" Surukata ta ajiye jakarta a hankali ta ce, "Dodo kuma?"

In ka kai nan, hanya ɗaya ta rage: miƙa kanka. Ka ce, "Ni kuwa gani nake yaron nan ya yi ƙiba da yawa, ko a rage masa nono?" Nan take za su manta da juna su yo kanka. Za a ce ba ka da tausayi, za a ce yaron ma ramewa ya yi, za a tuno cewa kai kanka kana jariri kamar tsinke kake. Sunkuyar da kai ka sha. In kakanni biyu suka haɗa baki suna yi maka faɗa, gida ya zauna lafiya.

Mataki na biyar: Ranar da ya fara juyawa

Wata safiya za ka kwantar da shi a rigingine ka dawo ka tarar da shi rub da ciki, yana kallon ka kamar ya ci zaɓe. Daga ranar an daina naɗe shi a zani, hannuwansa su zauna a sake don ya iya ɗaga kansa. Da ya fara dafa katifa yana ɗago ƙirji, sauke kayan wasan nan masu lilo da aka rataya masa a sama, tun bai kamo igiyar ba. Kai dai ci gaba da kwantar da shi a rigingine, juyawar tasa ce.

A nan ne yaƙin sanyi yake tsananta. Nas ta ce a sa masa kaya daidai da yanayi, kuma in ana son sanin ko yana jin sanyi a taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa. Kakanni kuwa tafin ƙafa suke taɓawa, wanda ko yaushe da ɗan sanyinsa. Atishawa ɗaya in ya yi, shaida ce a kanka. In ya yi biyu, an kira Gwaggo.

Inna ta ɗauki al'adar bugo waya kullum da safe. Ba ta tambayar lafiyata, ba ta tambayar aiki. "Ya kwana a bargon?"

"Ya kwana, Inna."

"To madalla. Ni ma shi ya sa nake samun barci."

Amsa da sauri, ka ajiye wayar da sauri. Za ka ji wani abu ya soke ka a ƙahon zuci. Ni na ɗauke shi a matsayin ƙwannafi, na sha ruwa na tafi aiki.

Mataki na shida: Nemi ma'ajiya a wajen sana'arka

Yaro yana girma, kyauta tana girma. Saman kabad zai cika, ƙarƙashin gado zai cika. Ni har banɗaki na ɓoye tedi, Maman Ciyaman ta shiga ba ta sani ba, ihun da ta yi sai da maƙwabta suka fito. Ga shi kuma Ciyaman ya fara rarrafe, duk abin da ka ɓoye shi zai jawo shi tsakiyar falo a gaban wanda bai kamata ya gani ba.

Duba wajen aikinka. Shagona ɗaki ɗaya ne da rumfa, ƙasa duk kwampreso, wato injinan firji, da wayoyi da tukwanen gas, jikin bango kuwa matattun firji ne a jere, waɗanda masu su suka kawo suka manta hanyar dawowa. Wata rana ina shan shayi na dube su, sai basira ta sauko mini. Ƙura ba ta shiga, ɓera ba ya shiga, kuma babu mahaluƙin da zai buɗe mataccen firji don neman filo.

Tedi ce ta ba ni wahalar kaiwa. Na goya ta a bayan babur na ɗaure ta da igiya a ƙuguna, na yafa mata zani don kada a gane. Maƙwabcina mai facin taya ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." Da ba ta amsa ba, ya ja ni gefe ya ce baƙuwar tawa tana da girman kai.

Filon Gwaggo da soson Kawu suka shiga ƙaramin firji. Tedi ta shiga dogon firji, bayan na zare masa farantan ciki. Na sanar da dangi cewa daga yanzu mai zuwa ya bugo waya tukuna don a yi masa girki, wato don in samu in ɗauko kayansa.

Bargon Inna kuwa ba zan sa shi ko'ina ba. Na zaɓar masa wuri mafi tsabta a shagon: firizar Inna ce da kanta, wadda ta kawo mini gyara tun kafin a haifi Ciyaman. Kowa ya san kayan uwar mai gyara su ne ƙarshen layi. Na goge cikinta tas, na naɗe bargon na sa, na ce a raina ai ko a gaban alƙali ban raba ta da kayanta ba.

Mataki na bakwai: Ranar da ya miƙe tsaye, sauke katifa, kuma kada ka saurari matarka

Za ka shigo ka gan shi tsaye, ya riƙe katakon gado da hannu biyu yana jawabi. Kada ka tsaya tafi. Ɗauko sufana ka sauke gindin katifar zuwa ramin ƙarshe na ƙasa. Daga yau duk abin da ke cikin gadon nan tsani ne: filo tsani, soso tsani, tedi kuwa bene ce sukutum.

In ka gama ɗaurewa ka ga noti ɗaya ya yi saura a hannunka, kada ka jefa shi a aljihu. A sana'armu wannan ba komai ba ne, firji yana aiki da haka. Gadon yaro ba firji ba ne. Maman Ciyaman ta tsaya a kaina sai da na kwance komai na gano inda ya fito.

Ina ƙasa ina ɗauri ta ce, "Baban Ciyaman, na gaji da jifa da murfi. Ka je ka faɗa wa Inna gaskiya. Ni tuni na faɗa wa Mama."

Sufana ta faɗi daga hannuna. "Kin faɗa mata? Me ta ce?"

"Dariya ta yi. Ta ce dama ita ma wata ce ta ba ta tedin, tsoro take ba ta, shi ya sa ta turo mana."

"To ai kin ji bambancin," na ce. "Mama turowa ta yi. Inna ɗinkawa ta yi, da idon da ba ta da shi. In je in ce mata abin da ta ɗinka zai iya cutar da jikanta? Da wane bakin?"

"Da wanda kake yi mata ƙarya da shi kullum da safe."

Ka ga irin maganar da nake ce maka kada ka saurara. Tana hana mutum cin abinci.

Mataki na takwas: Kada ka bar makullin shago a hannun maƙwabci

Wannan matakin da na san shi tun farko, da littafin nan ya ƙare a na bakwai.

An kira ni gyaran ɗakin sanyi na wani mahauci, na bar wa mai faci makulli kamar yadda na saba. Ashe Inna ta gaji da jiran firizarta. Ta tura ƙanina da motar kaya ta ce ya ɗauko mata abinta, gyararriya ko matacciya, za ta kai wa wanda ba ita ta haife shi ba. Mai faci, mutumin kirki, har da taya su ɗagawa.

Aka sauke ta a tsakiyar falon Inna. Gwaggo tana nan, da maƙwabta mata biyu. Inna ta ce bari ta nuna musu yadda ɗan cikinta ya bar mata firiza ta yi tsatsa, ta ɗaga murfi. Ga bargo a naɗe. A kansa kuma ga filon gyaran ƙeya, domin satin da ya wuce mai ƙaramin firjin ya tuno hanya ya zo ya karɓi kayansa, na mayar da filon can.

Ina kan tsani, hannuna duk maiƙo, wayata ta yi ƙara. Ƙanina ne. "Yaya, Inna ta ce ka zo."

"Tana faɗa?"

"Ko kaɗan. Ta ma ce ka gama aikinka tukuna, kada ka yi sauri."

In uwarka ta ce kada ka yi sauri, sauko daga tsanin a hankali, ka sani asirinka ya tonu.

Mataki na tara: Tafi da yaron a matsayin garkuwa

Biya gida ka ɗauki Ciyaman ka rungume shi a ƙirji, ka sa matarka a gaba. Ba a jifan mutumin da yake riƙe da jariri.

Mun tarar maƙwabtan sun watse, saura Gwaggo, wadda ko da wuta ake yi ba za ta bar wannan kallon ba. Firiza tana tsakiyar falo baki buɗe. Inna tana kan tabarma, bargon a cinyarta. Ta amsa gaisuwar Maman Ciyaman da fara'a, ta yi wa angonta wasa, sannan ta dube ni.

"Injiniya," ta ce. Ba ta kira na haka sai na yi abin kunya. "Firizar ba ta sanyi, amma na ga tana ajiya."

Na ce wanki aka yi masa, na kai shi shago ya sha iska. Na ce jiya-jiyan nan ne. Na fara ƙarya ta uku, ta ɗaga mini hannu.

"Ƙamshin sabulun da na wanke shi da shi ranar da na gama ɗinki, shi ne a jikinsa har yau. Na juya shi ciki da bai. Babu tumbuɗi, babu fitsari, babu inda aka tsotsa. Na raini yara, na san bargon da jariri ya kwana a ciki." Ta shafa shi. "Kullum da safe ina tambayar ka."

Ciyaman yana ta ƙoƙarin cin maɓallin rigata. Duk dabarata ta ƙare, sai na ji bakina yana faɗin abin da nas ta faɗa mini a bakin ƙofa, kalma da kalma, har zuwa inda ta ce jariri ba ya iya ture abin da ya rufe masa hanci.

Inna ta cire tabarau, ta jingina da bango, ta ɗaga bargon ta ɗora a fuskarta. Muna kallo. Ba a jima ba ta fizge shi, ta ja dogon numfashi, ta yi salati. Ta daɗe tana kallon yaron.

"Kai a ganinka bargon nake so, ba shi ba?" Muryarta ta yi ƙasa. "Da ka faɗa mini tun ranar farko, fushin kwana biyu zan yi in huce. Sai ka bar ni ina kwanciya ina murna da abin da da ka bi maganata, da wataƙila ni ce sanadin rasa shi."

Ba ni da matakin da zan ba ka a nan. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na kuma ji tausayinta har idona ya kawo ruwa, na ɓoye fuskata a bayan kan Ciyaman, wanda shi ne amfanin garkuwa.

Gwaggo ta gyara zama ta ce, "To ni filona fa?"

Inna ta ce, "Ke kuma ki sa a taki ƙeyar."

Mataki na goma: In ta ce a miƙo almakashi, miƙa

Inna ta juya wajen Maman Ciyaman. "'Yar nan, ke ce mai gaskiya a gidan. Me aka yarda yaro ya kwana da shi in ana sanyi?"

Maman Ciyaman ta kwatanta mata: rigar barci ce kamar buhu, mai wuya da kafar hannu, ƙasanta a rufe, yaro yana cikinta yana motsa ƙafa amma ba ta iya hawowa fuskarsa. Kuma kada ta yi kauri.

"Shi ke nan? Buhu mai wuya?" Ta mayar da tabarau. "Injiniya, miƙo almakashi, yana cikin akwatin keke."

Na ce, "Inna, wata nawa kika yi kina..."

"Miƙo."

Ta auna Ciyaman da tafin hannu, daga kafaɗa zuwa ƙafa, ta ƙara masa wurin girma. Ta shimfiɗa bargon a tabarma, ta sa almakashi a tsakiyarsa ba tare da ta tsaya tunani ba. Ni ne na rufe ido. Ta farke layukan da ta bi da allura ɗaya bayan ɗaya, ta zare audugar ta tara a gefe har ta yi tudu. Maman Ciyaman tana zura mata zare a allurar keke, don idon ba ya gani, ita tana taka keken, Gwaggo tana ba da shawarar da ba wanda ya nema. Sau biyu ta sa yatsa a wuyan rigar ta ce ya yi faɗi, kansa zai iya shigewa, ta rage.

Rana ta yi sanyi aka gama. Aka zura Ciyaman a ciki aka ja zif. Ya dubi kansa, ya kama gefen firiza ya miƙe, ya faɗi zaune daɓas, ya ƙyalƙyale da dariya. Sannan ya yi gyatsa, ya kwararo tumbuɗi tun daga wuyan rigar har ciki.

Maman Ciyaman ta zabura za ta ɗauko tsumma. Inna ta riƙe hannunta. Ta matso da fuskarta kusa, ta dubi wurin da kyau ta cikin tabarau.

"Bar shi," ta ce. "Yanzu ya zama nasa."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba likita ba ne, ba nas ba ne, kuma a cewar mahaifiyarsa, gyaran firjin ma sai a hankali. Ba shi da alhakin murfin da ya lotsa, ko gwaggon da ta yi yaji, ko maƙwabcin da har yau yake tambayar lafiyar Hajiya. Abin da ya shafi numfashin ɗanka, tambayi ma'aikatan lafiya, kada ka tambayi mai sufana. Abin da ya shafi danginka kuwa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. In uwarka ta dube ka irin duban da Inna ta yi mini, kada ka zo shagona, ba ni da gas ɗin da yake gyara wannan.

Akwai masu cewa mutum yana iya tsallake matakan nan gaba ɗaya, ya je ya durƙusa gaban uwarsa tun ranar farko ya faɗa mata gaskiya. Wannan ba shawarata ba ce, ta matata ce. In ka gwada ta yi maka aiki, don girman Allah kada ka bari ta ji.